Ɗana, Kafin Ka Sayi Kilt Ɗinka Na Farko

Ɗana, duk wanda karatu ko aiki ya kawo shi Sikotilan, in dai yana shiga mutane, ranar na nan zuwa da za a miƙo masa katin gayyata, a ƙasa an rubuta cewa maza su zo da kayan gargajiya. Wataƙila abokin karatunka ne zai yi aure ya sa ka cikin abokan ango. Wataƙila liyafar ƙarshen shekara ce a jami'a, ko bikin yaye ɗalibai, ko kuwa daren tunawa da mawaƙinsu Robert Burns da suke yi kowace 25 ga Janairu. A irin waɗannan wurare za ka ga maza, tsoho da yaro, sanye da kilt, wato zanen ulun nan mai zane-zanen murabba'i da ake ɗaurawa daga cibiya zuwa gwiwa, gabansa a shafe, bayansa da tattara. Samarinmu da ke Gilasgo da Edinbara da Abadin da Dandi sukan yi sha'awarsa, kuma ban ga laifinsu ba. Hausawa ma sun ce in ka je gari ka tarar kowa da wutsiya, kai ma nemo ka ɗaura. Abin da ke damuna shi ne yadda nake ganin ana zubar da kuɗin da aka sha wuya kafin a samu, shekara bayan shekara, ta hanyoyi iri ɗaya.

Fara da tambayar kanka ko ma lallai ne ka sa shi. Idan ba a cikin abokan ango kake ba, babbar rigarka da hularka sun ishe ka shiga kowane taro a ƙasar nan, kuma mutanen Sikotilan, da yake su ma masu riƙo da kayan kakanni ne, sukan ji daɗin ganin baƙo da nasa. Sau da yawa ma mai babbar riga ne ake layin ɗaukar hoto da shi. To amma in ranka ya biya, ko ango ya ce kowa da kilt, sai mu zauna mu yi lissafi.

Lissafin kuwa yana farawa ne daga sau nawa za ka sa shi. Wanda ya zo digiri na biyu na shekara ɗaya, biki ɗaya ne a gabansa, daga nan sai gida, haya ta fi masa. Shagunan haya suna nan a kowane gari, su auna ka, su ba ka kaya cikakku tun daga kwat har takalmi, ka mayar bayan biki, wanki ma nasu ne. Na san za ka ce kayan aro ba ya rufe katara. A nan ƙasar ba a ɗauke shi abin kunya ba, angwaye da yawa 'yan asalin ƙasar da kayan haya suke ɗaura aure. Akwai kuma wata riba da hayar farko ke bayarwa wadda ba a faye lura da ita ba: ka yini da kilt na ƙwarai a jikinka, ka ji nauyinsa, ka san inda yake zama, ka rubuta awon da aka yi maka ka ajiye. Ranar da za ka saya, ba mai ruɗa ka da kayan banza. Sai dai ka je da wuri, don daga watan Mayu zuwa Satumba bukukuwan aure kan yi yawa, wanda ya yi jinkiri sai ya karɓi abin da ya rage. Wanda kuwa ya ga zamansa zai yi tsawo, yana da bukukuwa uku huɗu a gaba, kuɗin haya in aka tara zai kai na saye, shi ya kamata ya fara tunanin mallakar nasa.

Kuskuren da na fi gani shi ne na titin Royal Mile a Edinbara. Yaro ya hau wajen tsohuwar fadar garin yawon buɗe ido, ya ga shaguna jere sun rataye kilt a bakin ƙofa, kiɗan algaitarsu na tashi daga lasifika, farashin bai wuce na cefanen mako ba, wani ma har da jaka da safa da ɗamara duk a leda ɗaya. Ya saya yana murna ya yi wayo. Ranar biki ya tsaya kusa da masu na ulu, sai abin ya bayyana: nasa yana ƙyalli, ba shi da nauyi, iska kaɗan ta ɗaga shi, tattarar baya ta baje tun zaman mota. Yawancin irin waɗannan da zaren roba ake saƙa su, a ɗinka a ƙasashen waje, musamman a garin Siyalkot na Fakistan, wanda ya shahara da ɗinkin kayan gargajiyar Sikotilan. Ban ce duk abin da ya fito daga can banza ne ba, akwai masu aiki mai kyau, kuma in kallon ƙwallo za ka je a filin Hampden ko wasan motsa jiki, mai arahar ya wadatar, ko shayi ya zube a kai ba asara. Amma ga ɗaurin aure, araha ba ta ado. Ka kuma karanta 'yar takardar da ke jikin kayan da kyau: wadda ta ce a Sikotilan aka tsara, ba ta ce a Sikotilan aka saƙa ko aka ɗinka ba.

Kishiyar wannan kuskure ma tana nan, kuma ta fi ciwo. Wani da ya ji an ce na arha ba shi da kyau, sai ya faɗa babban shago ya ce a haɗa masa komai sabo: kilt ɗinkin hannu, kwat mai maɓallan azurfa, falmaran, jakar gaba mai gashi, takalmi mai doguwar igiya, har da 'yar wuƙar da ake sokewa a safa. Ya biya da katin bashi, ko tsarin nan na ɗauka yanzu ka biya daga baya. Kai ka san dokar bizar ɗalibi ba ta yarda ka yi aikin da ya wuce awa 20 a mako ba lokacin karatu. Ka lissafa dare nawa za ka kwana a gidan kula da tsofaffi ko wajen jera kaya a kanti kafin ka biya kayan da za ka sa na awa shida, ga kuɗin ɗaki, ga na makaranta, ga mutanen gida suna sauraron saƙo. Iya kuɗinka, iya shagalinka. Ban taɓa ganin bikin da aka kori mutum don kwat ɗinsa ba sabo ba ne.

Tsakanin waɗannan biyu akwai hanya mai faɗi, amma sai ka san abin da ke sa kilt tsada. Na asali, wanda ake zuwa manyan taruka da shi, yadi 8 na ulu ke shiga cikinsa. Kusan duk wannan yadi a baya yake tafiya, a naɗe shi tattara bayan tattara, kowace da zurfinta, a ɗinke daga ƙugu zuwa mazaunai, a bar sauran sake. Shi ya sa in mai shi na tafiya za ka ga bayan yana lilo dama da hagu, wannan lilon shi ne adon. Akwai kuma mai yadi 5, tattararsa ba ta kai waccan yawa da zurfi ba, ya fi sauƙin nauyi da sauƙin kuɗi. Shi ulun ma hawa-hawa ne, ana auna nauyinsa da oza a kowane yadi: mai oza 16 shi ne mai nauyi, mai 13 matsakaici, mai 10 ko 11 kuwa ya fi dacewa da siket ɗin mata da laktaye. Sabon mai yadi 8 ɗinkin hannu da wuya ka same shi ƙasa da fam 400, sau da yawa ma ya haura haka nesa, kuma in ka ga kwanakin da mai ɗinki ke ɓatawa a kansa da allura ba za ka ce ya cuce ka ba. Za ka kuma jira makonni kafin a gama, don haka ba abin da ake tunawa ana saura kwana goma biki ba ne.

Kai da ka taso kana ganin iyaye na murza shadda tsakanin yatsu a Kantin Kwari kafin su yi tayi, wannan ilmin ba baƙo ba ne gare ka. Ka damƙi yadin a tafin hannu ka saki, ulu na gaske zai koma yadda yake. Ka ɗaga shi wajen haske, in kana hango fitila ta ciki to shara-shara ne. Ka juya cikinsa ka duba shafin, ka taɓa wajen ƙugu ka ji ko akwai ƙarfi a ciki, don kilt na kirki ana sa masa wani yadi mai tauri a ɓoye wanda ke ɗaukar jan maɗaurai, in babu shi ulun ne zai riƙa miƙewa har ya lalace. Ka duba maɗauran, fata ce ko roba mai kama da fata. Ka tsaya daga baya ka ga ko layukan zanen sun haɗu daga wannan tattara zuwa waccan ba karkata. Sannan ka duba bakin ƙasa: na ƙwarai ba a yi masa kalmasa, bakin saƙar ne da kansa ke zama ƙarshe.

In za ka ji shawarata, gwanjo na ulu ya fi sabo na roba, nesa ba kusa ba. Da tsohuwar zuma ake magani. Kilt kaya ne da ba ya tsufa da wuri, akwai gidajen da jika ke sa na kakansa. Shagunan haya kan fitar da tsofaffin kayansu lokaci-lokaci su sayar da rangwame mai yawa, kuma waɗannan yawanci ulu ne mai nauyi da aka ɗinka don ya jure wahala. Ka shiga ka tambaya kai tsaye ko suna da na sayarwa, matambayi ba ya ɓata. Akwai shagunan ƙungiyoyin agaji da ke kan kowane babban titi, akwai shagon tsofaffin kaya na Armstrong's a Grassmarket cikin Edinbara, akwai kasuwar Barras ta Gilasgo ranakun Asabar da Lahadi, ga kuma eBay da Vinted. Wannan hanya haƙuri take so. Wanda ya fara nema wata uku kafin buƙata shi ke dacewa.

Abu biyu za ka kiyaye a gwanjo. Na farko asu. Ka buɗe tattarar ɗaya bayan ɗaya ka duba can cikin lungu, nan yake ɓuya ya yi ɓarna, kuma in ka kawo shi ɗakinka zai bi sauran kayan sanyinka. Na biyu awo, wanda shi ne ma uwar maganar gaba ɗaya.

Kilt ba a ƙugun wando yake zama ba. Sama yake hawa, daidai cibiya ko ɗan sama da ita. Yara da yawa kan ba da lambar wandonsu a intanet, kaya ya iso ya ƙi ɗauruwa, don lambar da kamfanonin wando ke rubutawa ba ta cika zama gaskiyar inci ba, kuma ba wuri ɗaya ake aunawa ba. Awo uku ake yi: zagayen ciki a kan cibiya, zagayen mazaunai inda suka fi faɗi, sai tsawo daga inda zai zauna zuwa tsakiyar ƙoƙon gwiwa. Kada ka auna tsawon da kanka, don da ka sunkuya ka duba tef awon ya ɓaci. Ka miƙe tsaye wani ya auna ka, kuma kada ka haɗiye ciki, ranar biki za ka ci abinci. Waɗanda ake ɗinkawa a jibge a kanti yawanci inci 24 ne tsawonsu. Samarinmu kuwa da yawa dogaye ne sirara, sai ka ga inci 24 ya tsaya musu a cinya. In gwanjo ya ɗan yi maka yawa a ƙugu, mai ɗinki zai iya matsar da maɗaurai da inci ɗaya ko biyu a kuɗi kaɗan. In ya yi maka gajere, bar shi ko nawa ne arahar, ba yadda za a ƙara. Rage tsawo ma aiki ne babba, tunda daga sama ake rage shi in ana so ya yi kyau.

Maganar tsawo ta kawo mu ga abin da na san yana ranka, ko ba ka faɗa ba. Mu dai an hore mu da rufe tsakanin cibiya da gwiwa. Kilt da aka auna daidai yana rufe kusan wannan iyaka in kana tsaye, safar kuma ta hau har ƙasan gwiwa kaɗan. Amma da ka zauna zai ja baya, in aka shiga rawar keli kuwa, wadda ake juyi da tsalle, ba a magana. To ka sa a yi naka ya sauko sosai kan gwiwa, ka kuma sa baƙin gajeren wando mai kama jiki a ciki. Za ka ji abokai suna tsokanar cewa ɗan Sikotilan na asali ba ya sa komai a ƙarƙashi. Ka yi dariya ka wuce, shagunan haya ma roƙon mutane suke su sa. In lokacin salla zai riske ka a wajen biki, ka jefa wando mai sauƙi ko jallabiya a jaka. Idan kuma zuciyarka ba ta kwanta da kilt ba sam, akwai dogon wando da ake ɗinkawa da irin yadin kilt ɗin, shi ma kayan gargajiyarsu ne, kuma ana shiga kowane taro da shi.

Sai zaɓen zane, wato tartan. Wasu kan ji tsoro, wai kowane zane na wani dangi ne, kada su sa a tare su. Kwantar da hankalinka. Gaskiya ne kayan nan na da nauyi a zukatan mutanen ƙasar: bayan yaƙin Culloden a 1746 gwamnatin Birtaniya ta haramta wa mazan tsaunukan arewa sa su, in ban da sojojinta, ba a ɗage dokar ba sai 1782. Amma ɗaure kowane zane da sunan dangi, yawancinsa a ƙarni na 19 ya kafu, bayan ziyarar Sarki George na Huɗu Edinbara a 1822, wadda marubuci Walter Scott ya shirya, aka cika gari da tartan. Ba dokar da ta hana ka sa na wani dangi, ladabi ne kawai ka san sunan abin da ka sa, don za a tambaye ka. Akwai 'yan kaɗan da aka keɓe, kamar Balmoral na gidan sarauta, waɗannan ma ba za ka gan su a kanti ba. Akwai kuma na kowa da kowa, irin su Black Watch mai duhun kore da shuɗi, da Royal Stewart ja, da masu launin toka da ake yayi yanzu. Jami'o'i da dama suna da nasu. Har Musulmin Sikotilan an yi musu nasu a 2012, an haɗa shuɗin tutar ƙasar da kore, da fararen layuka 5 na shika-shikan Musulunci. Ana iya duba su duka a kundin rajistar tartan na hukuma a intanet, kyauta. Amma ga mai ƙaramin ƙarfi ka'idar ɗaya ce: zanen da masaƙa ke da shi a ajiye ya fi arha, wanda sai an saƙa maka musamman kuɗinsa kan ninka. Ni da za a bar ni in zaɓa wa mai sayen farko, mai duhu zan ɗauka, yana shiga da kowace riga, kuma ba ya nuna datti.

In gwanjo bai samu ba, sabon ulu kuma ya fi ƙarfinka, akwai yadin da ake haɗa foliyesta da biskos, masu shago na ce masa PV. Mai kyansa yana riƙe tattara, ba ya ƙyalli irin na titin masu yawon buɗe ido, ana iya wanke shi a gida, asu ba ya cinsa, kuma ya fi daɗi ga wanda ulu ke sa wa ƙaiƙayi. Bai kai ulu lilo da kwarjini ba, amma ba zai ba ka kunya ba. Ko kuwa ka ɗauki mai yadi 5 na ulu mai oza 13 ko 16, ɗinkin keke. Duk biyun saye ne na mai hankali.

Sauran tarkacen kuwa, a hankali. Jakar gaba, wadda suke kira siforan, ita ce dole, tunda kilt ba shi da aljihu. Ta baƙar fata marar ado ta isa, in tana da 'yan tuntaye ma za ta shiga taron rana da na dare. Doguwar safa mai duhu da 'yan ƙyallayen da ke riƙe ta ba su da tsada. Baƙin takalmin da kake zuwa neman aiki da shi, goge shi ka sa, ba wanda zai duba. Farar shat kana da ita. Kwat ɗin, wanda shi kaɗai kan yi kusa da kuɗin kilt, ka yi hayarsa ranar da ake buƙata, kuma kada ka ɗora kwat ɗin ofis a kai, ya yi tsawo, zai danne tattarar ya rufe jakar. A taron da ba na ƙa'ida ba rigar sanyi mai kyau ta wadatar. Wuƙar safa kuma, doka ta yarda da ita a matsayin kayan gargajiya, amma kai baƙo ne mai biza, ba ka buƙatar dogon bayani da ɗan sanda ko mai gadin ƙofa da tsakar dare, filin jirgi kuwa karɓewa za su yi in tana jakar hannu. Akwai ta roba marar kaifi, ko ka bar ta gaba ɗaya.

Ke ma 'yata, in mijinki ko ƙaninki za ki yi wa bazata da kilt, bar bazatar. Ki ja shi zuwa shago a auna shi, don wanda aka ɗinka da awon mutum ba a karɓarsa in an mayar.

Ranar da kayan ya zo hannunka, duba baya. In sabo ne za ka ga farin zare an bi tattarar da shi an kama, na riƙo ne kawai don kada ta baje a hanya, ka yanke shi a hankali ka zare. Kowace shekara sai an ga wanda ya shiga biki da zarensa. Tattara a baya take, shafaffen gefen a gaba, gezar a damarka. Fil ɗin ado a kan ƙyallen sama kaɗai ake soka shi, in ka haɗa da na ƙasa zai yaga maka yadi. Za ka zauna, ka shafo tattarar da hannu daga baya tukuna. Bayan biki kada ka cusa shi a akwati, in na ulu ne kuma kada ka sa shi a injin wanki. Ka rataye shi ya sha iska, ka ajiye shi a jakar kaya da ɗan katakon sida saboda asu, in ya yi datti sosai ka kai wa masu wankin kwat.

Ɗana, wannan makon ka shiga shagon haya mafi kusa da kai, ka ce a auna ka, ka taɓa mai oza 16 da hannunka, ka tambayi ranar da za su fitar da tsofaffin kaya. Kada ka ciro kati a ziyarar farko. Allah ya yi wa nemanka albarka.